MARASA MAKWANCI A BIRANEN KUDU: KOWANE IRI DA MAGANINSA

A farkon watan Mayu na shekarar 2024 ne Kwamishinan Muhalli na Jihar Ikko, Mista Tokunbo Wahab, ya ba da sanarwar cewa ma'aikatansa sun gano ɗakuna 86 waɗanda aka yayyanka a ƙarƙashin wata gada kusa da rukunin gidajen Dolphin a unguwar Ikoyi, kuma mazauna wurin suna biyan haya kimanin Naira 250,000 a shekara a kan kowane ɗaki. Aka rushe ɗakunan, aka watsa mutanen, jaridu suka buga hotuna, jama'a suka yi ta mamaki na 'yan kwanaki, daga nan magana ta kwanta. Abin da bai sami kulawar da ta dace da shi ba shi ne inda mutanen nan suka sa haƙarƙarinsu a daren da aka rushe wurin, da kuma inda suka nufa bayan nan.

Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne. Ɗakuna 86 a kan wannan kuɗi sun kama Naira miliyan 21 da rabi a shekara, suna shiga aljihun waɗansu mutane da ba su mallaki gadar ba. Mai haya guda yana biyan fiye da Naira 20,000 ke nan a wata, watau kusan kashi 30 daga cikin 100 na albashi mafi ƙanƙanta na Naira 70,000 wanda Gwamnatin Tarayya ta tsayar a watan Yuli na waccan shekara. Duk mutumin da ke iya fid da wannan kuɗi lalle yana da sana'ar da yake fita yi da safe. Abin da ya rasa shi ne ɗaki na halal daidai ƙarfinsa, kusa da wurin neman abincinsa.

Wannan jarida tana ganin babban kuskuren da hukumomi suka daɗe suna yi shi ne haɗa duk marasa makwanci a ƙarƙashin suna guda, a kira su mabarata ko ɓata-gari, sa'an nan a yi musu magani guda, watau kora. Alhali kuwa mutanen da ke kwana a gindin gada da rumfunan kasuwa da harabar masallatai da kangayen gine-gine a Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal iri-iri ne. Akwai gwauro ɗan ci-rani, akwai magidanci mai mata da 'ya'ya, akwai macen da ke riƙe da marayu, akwai naƙasasshe da tsoho, akwai yaro ƙarami, akwai kuma wanda tashin hankali ya koro daga garinsu. A cikinsu akwai Yarabawa da Ibo da Egun da 'yan ƙasashen maƙwabta, amma babu mai musun cewa 'yan Arewa suna da kaso mai yawa. Abin da ya fid da kowannensu waje daban ne, saboda haka abin da zai mai da shi ƙarƙashin rufi ma daban ne.

A zamanin da, baƙon da ya sauko daga Arewa ba ya rasa wurin kwana a Kurmi. Tun a shekarar 1916 aka kafa unguwar Sabo a Badun, haka kuma Hausawa suka kafa zangonsu a Shagamu da Abekuta da Agege saboda cinikin goro da shanu. A cikin irin waɗannan unguwanni akwai masu gidaje da fatomai waɗanda aikinsu ke nan saukar baƙi. Falke ya zo da shanunsa, maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi, shi kuma ya sami la'adarsa. Wani masani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana wannan tsari a cikin littafin da ya fitar a 1969. Ko yaron da ya zo ba shi da ko anini yakan sami tabarma a zauren wani, domin a lokacin kowa ya san baƙonka Annabinka.

Wannan tsari bai mutu ɗungurungum ba, amma nauyin da aka ɗora masa ya fi ƙarfinsa. Filayen unguwannin Sabo ba su ƙaru ba, mutane kuwa sun ninka sau da yawa. Zaurukan da a da ake saukar baƙi an mai da yawancinsu kantuna da ɗakunan haya. Daɗin daɗawa, masu zuwa yanzu yawancinsu ba fatake ba ne masu jari waɗanda maigida zai ci riba da su. Samari ne da noma ya gagara a ƙauyukansu, tun daga rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 har zuwa ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ga kuma ambaliyar ruwa irin ta 2022. Bayan an janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci da na siminti duk suka haura, masu gidaje kuma suka bi sahu da ƙarin haya.

Kashi na farko, kuma wanda ido ya fi gani, su ne gwagware da magidantan da suka baro iyali a gida: 'yan acaɓa, 'yan dako, 'yan ga-ruwa, masu gadi, masu shayi, masu wankin takalma, masu yankan farce da 'yan bola-jari. Irin wannan mutum bai zo Ikko don ya zauna ba. Nufinsa ya tara abin da zai aika gida, in damina ta kama ya koma gona. Saboda haka yana ganin asara ce ya zuba kuɗin shekara guda a kan ɗakin da zai kwana cikinsa wata shida kacal, sai ya gwammace ya kwana a kan babur ɗinsa ko a bakin kantin da yake gadi. Lokacin da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a waɗansu ƙananan hukumomi a watan Fabrairu na 2020, ta kuma tsananta hanin daga ranar 1 ga watan Yuni na 2022, da yawa daga cikin samarin nan sun rasa sana'a, waɗanda suke karo-karo su kama ɗaki su takwas ko goma kuma suka kasa biya. Bukatar wannan kashi ba ta wuce gado mai tsabta, da makewayi, da ruwan wanka, da akwatin ajiya mai makulli, a kan kuɗin da za a biya kullum ko mako-mako.

Kashi na biyu su ne magidanta masu iyali, kuma halinsu ya fi tsanani, domin mutum shi kaɗai yana iya raɓawa ko'ina, amma mai mata da 'ya'ya biyar babu zauren da zai ɗauke shi. Yawancinsu sun shekara goma ko ashirin a Kudu, 'ya'yansu a nan aka haife su, suna jin Yarabanci ko Ibo kamar 'yan gari. Abin da ke fid da su waje shi ne ƙarin haya na ba-zata, da neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ga kuɗin ejan, ga na yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna. Dokar haya ta Jihar Ikko ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, ta tanadi sanarwar wata ɗaya ga mai biya wata-wata da ta wata shida ga mai biya shekara-shekara idan babu wata yarjejeniya daban, ta kuma haramta fid da mutum da ƙarfi ba tare da umurnin kotu ba. Amma ɗan hayan da ba shi da rasit, bai kuma san dokar ba, yakan tarar an cire masa rufin ɗaki ko an watso masa kaya waje, ya haƙura don gudun fitina. Bugu da ƙari, akwai masu gidajen da da zarar sun ji sunan mai nema da garinsu sai su ce ɗaki ya riga ya shiga.

Sai kuma rusau, wanda yake mai da dubban iyalai marasa gida a wuni ɗaya. A watan Yuli na 1990 gwamnatin mulkin soja ta Kanar Raji Rasaki ta rushe Maroko bayan sanarwar kwana bakwai, aka ƙiyasta mutum 300,000 ne suka rasa matsuguni, kaɗan daga cikinsu ne aka ba wuri a Ilasan da Ikota. An rushe Njemanze a bakin ruwan Fatakwal a 2009, aka rushe Badia ta Gabas a Ikko a watan Fabrairu na 2013, aka kuma kori fiye da mutum 30,000 daga Otodo Gbame tsakanin Nuwamba na 2016 da Afrilu na 2017. Duk lokacin da katafila ta shiga unguwa, mai takardar fili ne ake sauraro idan maganar diyya ta taso. Ɗan haya kuwa, wanda a nan ne yawancin 'yan Arewa suke, ba ya cikin lissafin kowa, ko da ya biya kuɗin shekara jiya-jiya.

Kashi na uku su ne mata masu riƙe da 'ya'ya su kaɗai: wadda mijinta ya rasu, da wadda aka saki, da wadda miji ya tafi Arewa bai komo ba, da wadda duka ya kora daga ɗakinta. Waɗannan ba a cika ganinsu a gindin gada ba, saboda kunya da tsoro suna sa su raɓe a ɗakin wata 'yar'uwa ko a bayan rumfar mai tuwo, yau nan gobe can. Rashin ganinsu a titi shi ya sa hukuma take zaton babu su. A gida Arewa macen da aure ya mutu tana komawa gidan iyayenta, amma wadda ke Aba ko Kalaba tana bukatar kuɗin motar mutum huɗu ko biyar kafin ta kai can, wata kuma ƙauyen nasu ma an tashe shi. Ba ya yiwuwa a sa irin wannan mace da 'yan matanta a masauki guda da maza. Tana bukatar wuri mai tsaro na mata zalla, da makaranta kusa saboda yara, da ɗan jarin da za ta tsaya da ƙafafunta.

Kashi na huɗu su ne makafi da guragu da kutare da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Akwai gidan gajiyayyu na Okobaba a Ebute Metta, inda kowane rukuni yake da sarkinsa, kuma duk wanda ya taɓa shiga wurin ya san yadda iyalai suke cunkushe a 'yan ƙananan ɗakuna. Akwai kuma cibiyar gyaran hali ta gwamnati a Majidun ta wajen Ikorodu, inda ake kai waɗanda aka kwashe daga titi. A watan Yuli na 2013 an kwashi waɗansu gajiyayyu daga Ikko aka sauke su a Anaca, abin da ya jawo ka-ce-na-ce a ƙasa baki ɗaya. Tsohon da ya shekara arba'in yana gadi a Apapa ba shi da fansho, ɗakin gadin nan shi ne gidansa, ran da aka sallame shi ya rasa aiki da makwanci gaba ɗaya. Wannan kashi zama na dindindin yake bukata, a ɗakin ƙasa wanda keken guragu zai iya shiga, tare da kulawar asibiti, kamar yadda ruhin dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019 ya nuna.

Kashi na biyar yara ne ƙanana waɗanda suka biyo motocin shanu da na tumatir suka sauka a Mile 12 ko Oko-Oba ko Lokpanta, ba uwa ba uba, ba malami. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke kwana a tasha yana hannun duk wanda ya fara miƙa masa abinci, na kirki ne ko na banza. Ba shi gado kaɗai ba ya warkar da komi. Wajibi ne a nemo iyayensa, a binciki dalilin fitowarsa, a mai da shi hannunsu ko hannun wani amintacce, a kuma sa shi makaranta. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da Hukumar Ilmin Almajirai da Yaran da Ba Sa Zuwa Makaranta wadda aka kafa a 2023 an yi su ne saboda irin wannan yaro, ko da kuwa a Kudu aka tsince shi.

Kashi na shida su ne waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu. Waɗansu daga Arewa suka gudo, kamar mutanen Gwoza da Chibok da suka watsu a Ikko, da ɗimbin yara da matan da wata ƙungiyar Kirista ta tsugunar a Uhogua kusa da Binin. Waɗansu kuwa a nan Kudu wutar ta same su, kamar yadda ya faru a Mile 12 a watan Maris na 2016, da kasuwar Sasa ta Badun a watan Fabrairu na 2021, inda aka ƙone kantuna da gidaje, jama'a masu yawa suka fake a gidan Sarkin Sasa, har gwamnonin Kano da Kabi da Neja da Zamfara suka zo jaje. Bukatar waɗannan ta gaggawa ce: rumfa da abinci da magani a cikin sa'o'i kaɗan, sa'an nan taimakon sake gini. Bai kamata a ce gidan basarake guda ne kaɗai mafakar dubban mutane a birni kamar Badun ba.

Adalci ne a faɗi cewa gwamnatocin Kudu suna da hujja a wani ɓangare. Gobarar da ta tashi a ƙarƙashin gadar Apongbon a watan Maris na 2022 ta lalata gadar har aka rufe ta fiye da shekara guda, jama'ar Ikko duka suka sha wahala. Gini a kan magudanar ruwa yana jawo ambaliya, kuma ba a rasa miyagu da ke ɓuya a cikin talakawan kirki. Babu mai hankalin da zai ce a bar mutane su dawwama a gindin gada. Inda gizo ke saƙa shi ne kora ba tare da an nuna wa mutum inda zai koma ba, domin wanda aka tasa daga Ijora yau, gobe za a same shi a Obalende, an kashe kuɗin hukuma, shi kuma an ƙara talauta shi, matsalar tana nan inda take.

Tsarin Mulkin 1999 bai bar wannan magana a duhu ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a cikin ƙasa, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini, sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar gida ko fili ko'ina. Sashe na 16 kuma ya ɗora wa hukuma nauyin tsara manufofinta yadda kowa zai sami matsuguni mai dacewa, ko da yake wannan yana cikin babin da ba a kai ƙara kotu a kansa. A watan Yuni na 2017 Babbar Kotun Jihar Ikko ta yanke hukunci cewa korar mazauna bakin ruwa ba tare da isasshiyar sanarwa da wurin komawa ba ta saɓa wa Tsarin Mulki. Wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan harkar gidaje, Leilani Farha, da ta ziyarci Nijeriya a watan Satumba na 2019, ta nemi a dakatar da korar dole, ta kuma nuna takaicinta ga manyan gidajen alfarma da ke tsaye babu kowa a ciki.

Tarihi ya nuna cewa in an so yi ana iyawa. Tsakanin 1979 da 1983 Alhaji Lateef Jakande ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan da Oke-Afa da sauran wurare, Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari kuma ta ɗauki aniyar gina gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara, ko da yake abin da aka kammala bai kai ko kusa da yadda aka tsara ba. Amma shirye-shiryen da suka biyo baya, kamar Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992 mai cire kashi biyu da rabi daga cikin 100 na albashi, da shirin haya-har-ka-mallaka da Jihar Ikko ta ɓullo da shi a 2016, duk an ɗinka su ne daidai jikin mai albashi da takardar banki. Mai tura baro da mai sayar da tsire ba su da ƙofar shiga.

Saboda haka mataki na farko shi ne ƙidaya. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Gwamnatocin jihohin Kudu ba sai sun jira Abuja ba. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta fita da dare, tare da sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa da na coci, ta rubuta masu kwana a waje: maza nawa, iyalai nawa, mata masu goyo nawa, naƙasassu nawa, yara nawa. Tilas ne kuma a ba da tabbacin cewa ba za a mai da wannan rajista tarkon kame ba, in ba haka ba babu wanda zai tsaya a rubuta sunansa.

Bayan ƙidaya sai rabon magani. Ga gwagware, a ba da filaye kusa da manyan kasuwanni da tashoshi a gina masaukai masu gadaje da makewayi, a riƙa biya kullum. Kuɗin da aka tara a ƙarƙashin gadar Ikoyi shaida ne cewa irin wannan gini zai riƙe kansa. Ga masu iyali, a tsananta aiki da dokar haya, a ƙarfafa biyan wata-wata, a kafa asusun rancen da zai tare magidanci kafin kayansa su kai titi, domin rigakafi ya fi magani. Ga mata da yara, gidajen mafaka na musamman masu ma'aikata mata da tafinta mai jin Hausa. Ga naƙasassu da tsofaffi, a faɗaɗa irin gidan Okobaba a kuma gyara shi. Kowane rusau kuwa, kada katafila ta motsa sai an rubuta 'yan haya tare da masu gida, an kuma nuna musu wurin komawa.

Gwamnonin Arewa su ma ba su kuɓuta ba. A watan Agusta na 2019 an tsare samari 123 'yan Jihar Jigawa da suka shigo Ikko cikin babbar mota tare da baburansu, daga baya aka sake su da aka ga ba su da laifi. Irin wannan mota tana shigowa Kudu ba dare ba rana, kuma kuɗin da samarin ke aikawa gida yana ciyar da ƙauyuka masu yawa. Ofisoshin hulɗa da jihohin Arewa suke da su a Ikko bai kamata aikinsu ya tsaya ga tarbar manyan baƙi a filin jirgin sama ba. A buɗe teburin jin koke a cikinsu, a ajiye lauya, a ware kuɗin mai da gawa da marar lafiya da macen da ke son komawa gida. Mafi muhimmanci kuma, a samar da tsaron da zai bar manomi ya shiga gonarsa.

Sarakunan Hausawa da attajiran kasuwannin shanu da na gwari da 'yan canji su ne magadan fatoman da, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kowace ƙungiyar kasuwa za ta ware wani abu kaɗan daga kuɗin da take karɓa a kan kowace mota, da an kama gidan saukar baƙi a kowace unguwa. Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da aka ambata a Suratut Tauba cewa zakka ta halatta gare su, wakafin gida ga marayu da zawarawa kuwa sadaka ce mai gudana. Attajirin da ya gina masallaci na uku a layi guda, alhali masu salla a cikinsa suna kwana a bakin kwata, ya kamata malamai su nuna masa inda ladan ya fi yawa.

Shi ma ɗan ci-rani akwai abin da ya rataya a wuyansa, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Duk wanda ya biya haya ya karɓi rasit ya adana, ya nemi yarjejeniya a rubuce, ya sa wanda ya iya karatu ya karanta masa kafin ya dangwala hannu. Mazaunin Ikko ya yi rajistar zama ta jiha, ya mallaki katin ɗan ƙasa. In rigima ta haɗa shi da mai gida, akwai Cibiyar Sasanta Jama'a da Ofishin Lauyan Talakawa na jihar, waɗanda aka kafa don taimakon marasa ƙarfi kyauta. Kada ya ba wani ɗan iska kuɗi a kan filin gwamnati, kada ya hura wuta a gindin gada, kada kuma ya kira ƙanensa daga gida sai ya tabbata akwai inda zai kwantar da shi.

Daga ƙarshe, duk jam'iyyar da ke zuwa Agege da Idi-Araba da Sabo da Ama Hausa neman ƙuri'a lokacin zaɓe, wajibi ne ta zo da amsa a kan maganar makwanci, kuma wakilan jam'iyya a majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi su ne ya kamata su fara gabatar da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ya rage ga 'yan Arewa mazauna Kudu su yanki katin zaɓe a inda suke zaune, su tambayi kowane ɗan takara abin da ya tanadar wa gwauro, da abin da ya tanadar wa mai iyali, da marainiya, da makaho. Mutanen da ke sauke wa birni abincinsa, suna gadin ƙofofinsa, suna kwashe masa shara, sun cancanci wurin da za su rufe ƙofa su yi barci. Allah ya rufa asirin kowa, ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.